An Ba Ka Ikon Haɗa Faci: Yadda Ake Bitar Kod da Riƙon Ƙunshi a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ranar da aka sa sunanka cikin masu kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta ya gyara, ba a yin wani shagali. Gajeren saƙo ne zai shigo maka, ka buɗe shafin aikin, ka tarar maɓallin haɗawa da a da ba ka da ikon taɓawa yanzu yana jiran yatsanka. Daga ranar, duk abin da ka amince da shi zai kama hanya zuwa kwamfutocin mutanen da ba su san sunanka ba, kuma ba za su taɓa karanta ko layi ɗaya daga cikinsa ba. Za su rubuta `apt install` ko `pip install`, su ci gaba da harkokinsu. Amana ce suka damƙa maka ba tare da sun sani ba.

Kalmomi uku za su yi ta dawowa a nan. Faci shi ne gyaran da wani ya turo, kamar dai facin taya: ɗan yanki da za a liƙa a jikin abin da yake aiki. Rumbu shi ne ma'ajiyar kod da tarihinsa, galibi a Git, shirin da ke ajiye tarihin sauye-sauye. Ƙunshi kuwa shi ne abin da aka naɗe aka miƙa wa jama'a su girka, ko ta Debian (wani nau'in Linux), ko npm (ma'ajiyar ƙunshin JavaScript), ko PyPI (ta Python). Ka riƙe bambancin rumbu da ƙunshi da kyau. A tsakaninsu aka fi cutar mutane, kuma za mu dawo kansa.

## Mataki na 1: San iyakar gonarka

Kafin ka duba facin kowa, gano mene ne naka, mene ne ba naka ba. Kowane babban aiki yana da inda yake rubuta wannan. A Linux akwai fayil mai suna `MAINTAINERS`, da ɗan shirin `scripts/get_maintainer.pl` wanda za ka miƙa masa faci ya lissafo maka waɗanda ya kamata su gani. A GitHub da GitLab akwai `CODEOWNERS`. A Debian, fayil ɗin `debian/control` yana ɗauke da layin `Maintainer` da na `Uploaders`.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Linux shi ne ba ya tsayawa a suna kawai, yana faɗin gaskiyar halin da sashe yake ciki. `Supported` na nufin akwai wanda ake biya ya kula da shi. `Maintained` na nufin akwai mai kula da shi da gaske. `Odd Fixes` na nufin akwai mai shi amma ba shi da lokaci sai ɗan gyara jefi-jefi. `Orphan` maraya ne, babu kowa. Ka zauna ka tambayi kanka a wane layi naka yake, ka rubuta amsar inda masu amfani za su gani. Wanda ya san ƙunshinka ba ya samun kulawa sai jefi-jefi zai yi tanadinsa. Wanda ka bari yana zaton kana nan tsaye dare da rana, shi ne zai sha wuya.

Idan ƙunshin rarrabawa kake riƙe da shi, kamar na Debian ko Fedora, kana tsakanin ɓangare biyu ne: masu asalin manhajar a sama, masu amfani a ƙasa. Ba kai ka rubuta ta ba, amma kai ka shigo da ita gida. Gyaran da ka yi na matsalar da ta shafi kowa, ka tura wa masu asali. Kada ka tara shi a `debian/patches` shekara da shekaru.

Sai asusunka. Kunna tantancewa mai mataki biyu yau, kafin komai. PyPI ta wajabta ta ga kowa tun farkon 2024. Ɓarawon da ya sami kalmar sirrinka ba ya buƙatar ya yaudari mai bita, don ya riga ya zama kai.

## Mataki na 2: Kafin ka karanta layi ɗaya

Faci ya shigo. Kada ka fara da kod, fara da bayanin. Wace matsala ce yake gyarawa? Wa ta dama? Ta yaya zan ga matsalar da idona? Idan bayanin bai amsa waɗannan ba, nemi a amsa su tukuna. Sau da yawa na ga an ɓata kwanaki ana gyara saƙar faci, ana musayar ra'ayi kan sunayen abubuwa, sai a ƙarshe wani ya ce ai aikin ma ba ya son wannan sabon abu. Mai facin ya yi asarar mako guda a banza, kuma da wuya ya sake dawowa. Idan amsarka a'a ce, faɗe ta ranar farko, da dalili.

Sai ka duba girmansa da `git diff --stat`. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a Cisco a 2006 ya nuna cewa idon mai bita yana fara sakaci idan abin dubawa ya wuce layi 400, haka ma idan zaman ya wuce awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Facin da ya taɓa layi 3,000 ba a bitarsa, kallonsa kawai ake yi. Ka roƙi mai shi ya raba: gyaran tsari daban, sauya suna daban, ainihin gyaran daban. Wannan haƙƙinka ne, kada ka ji nauyin nema.

Duba kuma ko mai facin yana da ikon ba da abin da ya turo. Tun 2004 Linux ke buƙatar layin `Signed-off-by` a ƙarshen kowane faci, wanda `git commit -s` ke sakawa. Da shi mutum yake shaida cewa shi ya rubuta, ko yana da izinin miƙawa a ƙarƙashin lasisin aikin. Ayyuka da yawa sun ari wannan tsari. Idan ka ga babban yanki mai salo daban da sauran, tambayi daga ina ya fito.

Game da lokaci, ƙa'idar Google ga ma'aikatanta ita ce kada amsar farko ta wuce ranar aiki ɗaya. Kai ɗan sa-kai ne, ba lalle ka iya haka ba. Amma layi ɗaya kamar "na gani, zan duba ranar Asabar in sha Allah" ba ya cin minti guda, kuma shi ke raba mai jira da mai zaton an yi watsi da shi.

## Mataki na 3: Karatun kansa

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Ranar 31 ga Disamba 2011 an haɗa wani faci a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin sadarwar babban kaso na intanet. Mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya duba, dukansu masana. Facin ya ƙara wata hanya da kwamfuta za ta aika ɗan saƙo ta ce "ga haruffa kaza, maido min da su". Abin da aka manta shi ne a tabbatar adadin da mai aikawa ya faɗa ya yi daidai da abin da ya aiko. Sai ya zama mutum zai aiko kaɗan, ya ce mai yawa ne, sabar, wato kwamfutar da ke amsawa, ta cike gibin da abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, har kilobait 64 a kowace tambaya, da kalmomin sirri da makullai a ciki. Kuskuren ya fita a siga ta 1.0.1 a Maris 2012, ba a gano shi ba sai Afrilu 2014, aka sa masa suna Heartbleed. Laifin ba ya cikin layukan da aka rubuta. Yana cikin layin da ba a rubuta ba. Shi ya sa karanta jan layi da koren layi a burauza ba ya wadatarwa: shafin yana nuna maka abin da aka sauya ne kawai, ba ya nuna abin da aka manta.

To, ga yadda nake yi.

Da farko sauko da facin kwamfutarka. A GitHub, `git fetch origin pull/123/head:gwaji` zai kawo maka faci mai lamba 123 a reshe mai suna gwaji. Gina shi, ka gudanar da gwaje-gwajen. Daga nan sai ka yi abin da mutane da yawa ke tsallakewa: cire gyaran, bar sabon gwajin, sake gudanarwa. Dole gwajin ya faɗi. Idan ya wuce ko babu gyaran, to ba ya gwada komai.

Bayan haka buɗe fayil ɗin gaba ɗaya, ka karanta abin da ke sama da ƙasan wurin da aka taɓa. Nemo duk inda ake kiran aikin da aka sauya. `git grep` ya isa. A kowane wuri da bayani ke shigowa daga waje, ko daga fayil, ko daga intanet, ko daga hannun mai amfani, tsaya ka yi tambayoyi: idan babu komai fa? Idan ya yi tsawo fiye da kima? Idan adadin da aka faɗa ƙarya ne? Idan aikin ya gaza a tsakiya, me aka bari a buɗe?

Ga wani misali da mai jin Hausa zai kama kafin kowa. A ce wani ya turo faci a harshen Go don taƙaita dogon suna, ya rubuta `suna[:5]`. Ya gwada da kalmomin Turanci, komai lafiya. Amma a Go wannan yanka yana ƙirga bait ne, wato ma'aunin girman bayani a kwamfuta, ba harafi ba. Gwada shi da kalmar "ƙanƙara". Haruffa 7 ne, amma bait 9 ne a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, don kowace ƙ tana cin bait 2. Ƙ ta farko ta ci 2, a da n sun kai 4, ƙ ta biyu tana kan na 5 da na 6. Yanka a na 5 ya raba harafin gida biyu, abin da zai fito a allo shi ne wannan alamar tambaya a cikin baƙin lu'ulu'u da duk mai rubutu da ɓ, ɗ, ƙ ya sha gani a shafuka. Haka ma kod ɗin da ke mayar da ƙananan haruffa manya ta hanyar lissafin A zuwa Z kawai, zai bar ɗ a yadda take bai kai ta Ɗ ba. Mai facin bai yi ganganci ba, bai taɓa rubuta waɗannan haruffa ba ne. Abin da kai ka sani wasu ba su sani ba, shi ne babban abin da kake kawowa teburin bita. Ka nemi a saka "ƙanƙara" cikin gwaji don kada matsalar ta dawo.

Yanzu sai fayilolin da ido ke gudu. Kowa yana karanta kod ɗin C ko Python. Kaɗan ne ke karanta `configure.ac`, `CMakeLists.txt`, rubutun m4, fayilolin gwajin atomatik, da dogon `package-lock.json` da shafin ke naɗewa ya ɓoye maka. Duk waɗannan suna gudana, wasu ma da izinin da ya fi na ainihin manhajar. A cikin kutsen da aka yi wa xz, manhajar matse fayil, a 2024 (za mu zo kansa a Mataki na 5) har da ɗigo guda ɗaya da aka saka a ɗan gwajin CMake, ɗigon ya sa gwajin ya riƙa gazawa a ɓoye, wani shingen tsaro mai suna Landlock ya daina kunnuwa. Ɗigo ɗaya. Idan faci ya zo da fayil ɗin da ido ba ya iya karantawa, aka ce na gwaji ne, tambayi yadda aka samar da shi, ka nemi a kawo rubutun da ke samar da shi maimakon fayil ɗin.

Idan faci ya ƙara sabon abin dogaro, wato wani ƙunshin da naka zai riƙa janyowa, ka ɗauka kana ɗaukar sabon mai kula ne da ba ka taɓa gani ba. Wa ke riƙe da shi? Yaushe aka ƙirƙire shi? Mutum nawa ke amfani da shi? Aikin da yake yi ya fi ƙarfin layi ashirin da za mu rubuta da kanmu?

Abu na ƙarshe a wannan mataki: idan mai faci ya gyara ya sake turowa, kada ka ɗauka abin da ka nema kawai ya sauya. `git range-diff` zai nuna maka bambancin tsohon zubi da sabo. Amincewarka ta jiya ba ta rufe abin da aka ƙara yau ba.

## Mataki na 4: Yadda za ka faɗi abin da ka gani

Raba maganarka gida biyu, ka nuna wa mai faci rabon a fili: abin da dole a gyara kafin a haɗa, da abin da son ranka ne kawai. Masu bita da yawa suna fara irin na biyu da kalmar `nit` don a san ba tilas ba ne. Batun tazara da wurin saka baka kuwa, bar wa na'ura. Linux na da `checkpatch.pl`, Python na da `black`, Go na da `gofmt`. Kada ɗan Adam ya ɓata wa ɗan'uwansa rai a kan abin da shiri zai gyara cikin daƙiƙa.

Yi magana a kan kod, kada ka yi a kan mutum. "Ba ka iya sarrafa rubutu ba" ba ta gyara komai. "Idan aka ba wannan layi kalmar ƙanƙara yana raba harafi biyu, ga abin da na gudanar, ga abin da ya fito" ta ba shi abin kamawa. Ka tuna da yawa cikin masu turo faci ba da harshen uwarsu suke rubutu ba, kamar yadda kai ma wataƙila ba da naka kake ba su amsa ba. Gajeriyar jimla da ka rubuta cikin sauri tana iya isa gare shi kamar tsawa. Idan facinsa na farko ne, yi masa godiya da sunan abin da ya yi daidai.

Kada kuma ka riƙe faci kana jiran ya zama marar aibu. Ma'aunin da nake bi shi ne: shin manhajar ta fi kyau da wannan faci a kan babu shi, kuma bai buɗe wata ɓaraka ba? Idan e, haɗa, sauran a biyo da su.

Sa hannu yana da nauyi, kuma Linux ta bambanta nauyin. `Tested-by` na nufin na gudanar ya yi aiki. `Acked-by` na nufin ya taɓa sashena kuma ban ƙi ba. `Reviewed-by` ya fi su: mai shi yana shaida cewa ya yi bitar fasaha, ya isar da duk damuwarsa, ya gamsu da amsar, kuma bai san wata matsalar da za ta hana a karɓa ba. Ko aikinka ba ya amfani da waɗannan layuka, ari ɗabi'ar. Idan rabin faci ka fahimta, rubuta haka: "na duba sashen karanta fayil, ban duba na ɓoye sirri ba, a nemo wanda ya san shi." Babu abin kunya a nan. Abin tsoro shi ne mutum biyu kowanne ya sa hannu yana zaton ɗayan ya duba wurin mai wuya.

Facinka na kanka ma ya bi layi. In dai akwai wani mai kula, kada ka haɗa naka da hannunka.

## Mataki na 5: Daga rumbu zuwa ƙunshi

Ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga masu aikin PostgreSQL, ya sanar da duniya abin da ya gano. Yana auna saurin wani aiki a Debian `unstable`, sigar da sababbin ƙunshi ke fara shiga, sai ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana kuma jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya isa xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. A siga ta 5.6.0 da 5.6.1 an dasa ɓarauniyar hanya da za ta ba mai wani makulli damar shiga sabar. An ɓoye gangar jikinta cikin fayilolin gwaji. Amma rubutun da ke tayar da ita, wani `build-to-host.m4` da aka sauya, ba ya cikin rumbun Git ko kaɗan. Yana cikin dunƙulen fayil ɗin fitarwa ne kawai, wanda masu ƙunshin Debian da Fedora ke saukewa su gina. Da za ka kwana kana karanta rumbun, ba za ka ga wannan yanki ba. An yi sa'a abin bai kai ga tsayayyun sigogin Debian ba.

Don haka bita ba ta ƙare ranar da aka haɗa faci. Abin da ka karanta da abin da jama'a za su girka dole su zama abu ɗaya, kuma kai ne za ka tabbatar.

Idan kai ne mai fitarwa, sa wa sigar alama mai sa hannu da `git tag -s`. Gina ƙunshin daga wannan alama a tsabtataccen wuri, ba daga jakar aikinka mai tarkace ba. Ya fi kyau na'urar gwajin atomatik ta gina ta tura, kowa yana ganin yadda aka yi. PyPI ta buɗe irin wannan hanya a 2023, wadda ba ta buƙatar ajiye makulli na dindindin. Lambar siga kuma alƙawari ce: a tsarin lamba uku, ta ƙarshe gyaran kuskure ce, ta tsakiya ƙari ne da bai karya komai ba, ta farko ita ce ke cewa a yi hattara. Kada ka ɓoye abin da zai karya aikin mutane a ƙarƙashin lambar ƙarshe. Rubuta bayanin sauye-sauye don mai amfani, ka sa abin da zai tilasta masa gyara nasa a sama.

Idan kai mai ƙunshin rarrabawa ne, `uscan` zai sauko maka da sabuwar siga, ya kuma tantance sa hannun masu asali idan ka saka makullinsu. Kada ka tsaya nan. Kwatanta dunƙulen da alamar Git ɗinsa; `diffoscope` an yi shi ne don irin wannan. Duk fayil ɗin da ke cikin dunƙule amma ba ya rumbu, sai ka san dalilinsa. Gina a keɓaɓɓen wuri da `sbuild` ko `pbuilder`, gudanar da `lintian` mai binciko kurakuran ƙunshi, duba `debdiff` tsakanin tsoho da sabo, sannan `apt-cache rdepends` ya nuna maka waɗanda suka jingina da kai. Kwanakin da ƙunshi ke yi a `unstable` kafin ya wuce zuwa `testing`, inda ake shirya tsayayyiyar siga ta gaba, galibi 5, an sa su ne don matsala ta bayyana. Kada ka ɗaga gaggawa don kawai ka ƙosa.

Abin da ka riga ka fitar kuma, kada ka janye shi da fushi. A Maris 2016 Azer Koçulu ya cire ƙunshinsa sama da 250 daga npm bayan saɓani kan wani suna. Ɗaya daga ciki, left-pad, layi 11 ne kacal, amma ginin dubban ayyuka ya tsaya, har da masu dogaro da Babel da React, sai da npm ta maido shi.

## Mataki na 6: Rahotannin matsala

Ware lokaci, ko awa ɗaya ce a mako, ka bi sababbin rahotanni: wanne ka iya maimaitawa, wanne ke buƙatar ƙarin bayani, wanne na masu asali ne. Saka fayil ɗin `SECURITY.md` da ke faɗin inda za a kawo rahoton tsaro a asirce, don kada mai kyakkyawar niyya ya baza shi a fili kafin gyara ya samu.

A Debian, matsala mai matakin `serious`, `grave` ko `critical` tana iya sa a cire ƙunshinka daga `testing`, ta ja waɗanda suka dogara da kai su fita tare. Idan ka yi shiru, wani yana da damar ya tura gyara a madadinka, abin da ake kira NMU, yawanci ta layin jinkiri da ke kaiwa har kwana 15 don ka samu ka duba. In hakan ta faru kada ka ɗauke ta cin fuska. Yi godiya, ka shigar da gyaransa cikin rumbunka don kada fitarwarka ta gaba ta share shi.

## Mataki na 7: Ƙara hannu, da sauke kaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba kowane hannu ake miƙa wa makullin gida ba. Wannan shi ne mataki mafi wuya, don gajiya ce ke yanke hukunci a cikinsa, ba natsuwa ba.

A 2018 Dominic Tarr, wanda ya daɗe da daina amfani da ƙunshinsa event-stream, ya miƙa shi ga wani baƙo da ya nuna sha'awa. Ana sauke ƙunshin kusan sau miliyan 2 a mako. Sabon mai riƙon ya ƙara abin dogaro mai suna flatmap-stream, a cikinsa akwai kod ɗin da aka shirya don satar kuɗi daga asusun Bitcoin na manhajar Copay. Ba a farga ba sai Nuwamba.

Na xz ya fi wannan tsari da haƙuri. Mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu amfani tun 2021. A 2022 wasu asusun da ba a san su ba suka riƙa matsa wa Lasse Collin, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da aikin kusan shi kaɗai ba tare da albashi ba, suna cewa ya gaza, a ba wani. Ya bayyana musu cewa yana fama da rashin lafiya, kuma aikin na sa-kai ne. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon haɗawa, daga baya na fitarwa. Duk lokacin da na tuna wannan, tausayin Collin nake ji. An ga mutum ya gaji, aka yi amfani da gajiyarsa, alhali manyan kamfanonin duniya suna cin moriyar aikinsa kyauta.

Abin da za ka yi shi ne ka raba iko hawa-hawa. Tantance rahotanni da farko, sai bita, sai haɗawa tare da sa hannun mutum na biyu, sai a can ƙarshe ikon fitarwa. Debian ta daɗe a kan haka: sabon shiga yana tura ƙunshi ta hannun wanda zai duba ya ɗauki nauyinsa, daga baya ya samu izinin tura takamaiman ƙunshi da kansa, kafin ya zama cikakken mamba, kuma sai wasu mambobi sun shaide shi. Nemi mutumin da wasu da ka sani suka san shi, mai tarihi a wasu ayyukan. Idan ka ga sababbin asusu sun taso lokaci guda suna matsa maka ka yi sauri ko ka ba wane, rage gudu.

Ranar da ka ga ba za ka iya ba, faɗa da wuri kuma a fili. A Debian `reportbug wnpp` zai ba ka zaɓi: RFH idan taimako kake nema, RFA idan kana neman magaji amma za ka riƙe kafin ya zo, O idan ka sauke gaba ɗaya. A na ƙarshen sai ka mayar da layin `Maintainer` zuwa Debian QA Group, don kowa ya san halin da ake ciki. A npm akwai `npm deprecate`, wanda ke nuna gargaɗi ga duk mai girkawa. A GitHub kana iya rufe rumbu ya zama na karatu kawai, ka rubuta a saman `README` cewa ka daina kula da shi daga wata kaza. Idan baƙo ya zo yana so ya ci gaba kuma ba ka san shi ba, ce masa ya kwafi rumbun ya fitar da sabon suna. Lasisin ya ba shi wannan dama, masu amfani kuma za su koma wurinsa da idonsu a buɗe. Idan magajin sananne ne, ku yi fitarwa ɗaya ko biyu tare, ka rubuta masa matsalolin da ka sani ba ka gyara ba, ka sanar da sunansa a bayanin sauye-sauye, sannan ka soke makullanka da izininka na turawa da hannunka.